Yadda Ake Rubuta Sharhin Littafin Soyayya, na Kimiyya da na Tarihi

Duk wanda aka sani da karatun ƙagaggun labarai ba ya rasa mai tambayarsa wane littafi ya kamata ya karanta. Amsar da aka fi bayarwa ita ce a ambaci sunan wani littafi a ce yana da daɗi, kuma wannan amsa ba ta cika amfanar mai tambaya ba, domin abin da ya hana wani barci don daɗi shi ne wani zai ajiye tun bai kai shafi na ashirin ba. Sharhi nagari yana bayyana abin da littafi ya yi niyyar yi, ya auna ko ya yi shi, sannan ya faɗi irin mutumin da zai ji daɗinsa. Abin da na fi so mai sharhi ya riƙe shi ne kowane nau'in labari yana ɗaukar wa makarancinsa alkawari na daban, kuma da wannan alkawarin ake auna shi.

Matakin farko shi ne ka karance littafin daga bango zuwa bango, kuma idan da hali ka maimaita. A karatun farko ka bar labarin ya ja ka kamar yadda zai ja kowa, amma ka ajiye alƙalami da takarda kusa, ka riƙa rubuta lambar shafin da ka ji zuciyarka ta motsa da wanda ka ji hankalinka ya fara tafiya wani wuri. Waɗannan lambobi su ne hujjojinka daga baya. A karatu na biyu ne za ka nemi dalili: me ya sa babi na huɗu ya riƙe ka, me ya sa na bakwai ya yi maka nauyi. Kafin ka fara rubutu ka kwafi sunan littafin, da na marubucin, da maɗaba'ar da ta buga shi, da shekarar bugu, da yawan shafuka. Idan fassara ce ka rubuta sunan mai fassara, saboda kalmomin da kake yabawa ko kake kushewa nasa ne.

Mataki na biyu shi ne ka tantance nau'in littafin. Wannan ba ya da wuya a mafi yawan lokuta, sai dai akwai littattafan da suke haɗa nau'i biyu, kamar soyayyar da aka gina a zamanin yaƙi, ko binciken kisan kai a cikin kumbon da ke tafiya a sararin samaniya. A irin wannan hali ka tambayi kanka wane zare ne idan aka zare shi labarin zai warware gaba ɗaya. Wannan zaren shi ne jigon littafin, saura kuma rassa ne.

Mataki na uku shi ne awo, kuma a nan ne aikin yake, don haka zan ɗauki nau'o'in ɗaya bayan ɗaya.

Littafin soyayya yana yi wa makaranci alkawarin mutum biyu waɗanda zai damu da makomarsu, da kuma shingen da ya shiga tsakaninsu. Mafi yawan masu karanta shi sun riga sun yi hasashen ƙarshensa tun daga babin farko, saboda haka kushe shi da cewa an san yadda zai ƙare ba suka ba ce mai ƙarfi. Abin dubawa shi ne hanyar da aka bi. Da farko ka duba ko kowane ɗaya daga cikin masoyan mutum ne cikakke, mai buri da tsoro da aibi nasa na kansa, ko kuwa an zuba masa kyau da dukiya kawai aka tura shi cikin labari. Wata hanya mai sauƙi ta gane haka ita ce ka rufe sunayen masu magana a wata hira, ka ga ko za ka iya gane wanda yake magana daga kalamansa kaɗai. Sannan ka auna shingen. Idan duk rikicin littafi mai shafi ɗari uku zai mutu da tambaya ɗaya da wani ya ƙi yi ba tare da wani dalili ba, to marubucin ya ja labarin ne da ƙarfin tsiya. Shingen da ya fito daga halin taurarin, ko daga bambancin matsayi, ko daga wani nauyi na gaske da ke wuyan ɗayansu, shi ne yake sa makaranci ya ƙagu. Akwai kuma wani abu da ba na so mai sharhi ya yi shiru a kansa, wato yadda littafin ya ɗauki wulaƙanci. Wasu labaran suna nuna tauraro yana cin zarafin tauraruwa, yana tsare ta, yana raina ta, sannan a kira wannan tsananin so. Marubuci yana da damar nuna mugun hali, amma mai sharhi yana da haƙƙin faɗin ko labarin ya gane cewa mugun hali ne ko kuwa ya ƙawata shi.

Ƙagaggen labarin kimiyya yana farawa ne da tambayar "da a ce". Da a ce mutum zai iya haɗa wata halitta ya sa ta motsa, wane nauyi ne zai hau kansa game da ita? Wannan ita ce tambayar da Mary Shelley ta gina Frankenstein a kai a 1818, kuma da yawan manazarta suna lissafa shi cikin tushen wannan nau'i. A Hausa ma an taɓa shi tun da daɗewa, domin Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya a 1969, shekarar da ɗan Adam ya fara taka wata. Aikinka na farko shi ne ka gano tambayar littafin ka rubuta ta a jimla ɗaya. Idan ka kasa, mai yiwuwa ne marubucin ya tara na'urori da kumbuna ne kawai ba tare da wani tunani a ƙarƙashinsu ba.

Kuskuren da sababbin masu sharhi suke yawan yi a nan shi ne su mai da sharhin jarrabawar kimiyya. Jules Verne ya wallafa labarin tafiya zuwa wata a 1865, inda ya harba matafiyansa da wata ƙatuwar igwa, abin da a zahiri babu jikin da zai jure masa, amma har yau ana karanta shi. Abin da ake nema shi ne labarin ya bi dokar da ya kafa wa kansa. Ga misali. Haske yana tafiyar kimanin kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, kuma duk da haka saƙon rediyo, wanda da gudun haske yake tafiya, daga duniyarmu zuwa duniyar Mas yana ɗaukar tsakanin minti 3 zuwa 22, gwargwadon tazarar da ke tsakaninsu a lokacin. Idan marubuci ya ce ya bi kimiyyar da aka sani sau da ƙafa, sannan ya nuna uwa a nan tana hira da ɗanta da ke Mas ana tambaya ana amsawa nan take, ya karya dokarsa, kuma ya dace ka nuna. Idan kuwa tun farko ya ƙirƙiri wata na'urar da ta kawar da wannan jinkiri, sai ka karɓa, ka sa ido ka ga ko zai manta da ita a wurin da amfani da ita zai ɓata masa rikicin da yake son ginawa. Ka kuma lura da yadda yake sanar da makaranci duniyar da ya ƙirƙira. Gwani yana barin ka fahimce ta daga ayyukan mutanen cikinta, shi kuwa wanda bai ƙware ba yakan tsayar da labari cak ya yi lacca ta shafi biyar.

Labarin tarihi shi ne ya fi neman mai sharhi ya yi nasa binciken. Alkawarinsa shi ne zai shigar da kai wani zamani da ya shuɗe har ka ji kamar ka zauna a cikinsa. Walter Scott, wanda ake dangantawa da kafuwar wannan nau'i a Turai, ya fitar da Waverley a 1814 a kan tawayen da aka yi a Birtaniya a 1745. A namu adabin, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito a 1934, ya nuna cinikin bayi ta hamada ta hanyar yaro ɗaya da mahaifiyarsa da ta bi sawunsa, kuma wannan shi ne ƙarfin nau'in: abin da littafin tarihi zai faɗa a dunƙule, labari yana sa ka gan shi a jikin mutum guda. Kafin ka yanke hukunci ka karanta ko da taƙaitaccen bayani ne amintacce game da zamanin. Ka nemi abubuwan da aka sa a inda ba lokacinsu ba. An yi wa wayar tarho rajista a 1876, jirgin sama mai inji kuma ya fara tashi a 1903, don haka ganin ɗayansu a labarin da aka ce ya faru a 1850 kuskure ne bayyananne. Wanda ya fi wannan wuyar kamawa, kuma ya fi shi ɓarna, shi ne kuskuren tunani, wato a sa mutumin ƙarni na 18 yana magana da ra'ayoyin mutumin yau, har a rasa abin da ya bambanta shi da mu sai tufafi. Idan akwai mutanen da suka rayu da gaske a cikin labarin, ka bambanta wa makaranci abin da tarihi ya tabbatar da abin da marubuci ya ƙaga, domin mutane da yawa daga labari suke ɗaukar saninsu na tarihi, kuma abin da ya zauna a zuciya ta wannan hanya yana da wuyar fita.

Mataki na huɗu shi ne rubutun kansa. Ka fara da bayanan littafin, sannan ka taƙaita labarin a sakin layi ɗaya, ka tsaya a inda rikicin ya kankama. Kada ka tona ƙarshe, kada kuma ka tona wani sirrin da marubuci ya ɓoye da gangan. Na taɓa karanta wani sharhi a kan littafin da na daɗe ina ɗokin samu, sai ga shi a layi na uku an faɗi wanda zai mutu. Na karanta littafin daga baya, amma duk lokacin da wannan tauraro ya bayyana sai in ji ina jiran mutuwarsa maimakon in saurari abin da yake faɗa, kuma wannan asara ce da ba ta da gyara. Idan hujjarka ba za ta tsaya ba sai ka taɓo ƙarshen, ka yi gargaɗi a sarari kafin ka shiga.

Bayan taƙaitawa sai hukunci, kuma kowane hukunci ya zo da shaidarsa. Kalmomi irin su "ya burge" da "ya yi armashi" ba sa gaya wa kowa komai idan suka tsaya su kaɗai. Maimakon ka ce tauraruwar tana da zurfi, ka rubuta wani abu kamar haka: "A babi na shida ta rubuta masa wasiƙa sau uku tana yagawa, wadda ta aika daga ƙarshe kuwa layi biyu ce a kan lafiyar mahaifinsa, kuma daga wannan ne makaranci yake gane girman abin da ta kasa faɗa." Wanda ya karanta wannan jimla ya ɗanɗani littafin da kansa, kuma zai iya yarda da kai ko ya saɓa maka bisa hujja. Idan za ka ɗauko kalaman marubuci, layi ɗaya ko biyu sun isa, tare da lambar shafi.

Mataki na biyar ya shafi adalci. Yabon gwani ya zama dole, gyara kayanka kuma ba ya zama sauke mu raba, saboda haka ka faɗi abin da ya yi kyau da abin da ya gaza, kowanne gwargwadon girmansa. Kurakuran ɗab'i guda biyar ba su kai a ba su rabin sharhi ba. Ka soki rubutu, ka bar mutuncin marubuci. Idan abokinka ne, ko kyauta aka aiko maka da littafin, ka sanar da makaranci tun a farko. Haka nan idan nau'in ba ya cikin waɗanda kake so, ka faɗa, don a san da wane ido ka duba.

Mataki na ƙarshe shi ne shawara, kuma ita ce makaranci ya fi nema. Kowa da kiwon da ya karɓe shi, don haka cewa "kowa ya karanta" ba shawara ba ce. Ka bayyana wanda littafin ya dace da shi: mai haƙurin bin labarin da ke tafiya a hankali, ko mai son a fara da gudu; wanda ya saba da nau'in, ko wanda yau ne zai fara shiga. Ka ambaci shekarun da suka dace, ka kuma yi gargaɗi idan akwai zubar da jini ko batsa ko wani abin da zai iya tayar da hankali. Idan littafin yana cikin jerin littattafai ne, ka faɗi ko za a iya fara karatu daga kansa ko sai an koma na farko. Ga mai son tsallakawa daga wani nau'i zuwa wani, ka nema masa gada. Wanda ya saba da soyayya ka fara ba shi labarin tarihin da soyayya ce ke jan ragamarsa, wanda ya saba da tarihi kuma ka ba shi labarin kimiyyar da ya fi mai da hankali ga mulki da rikicin al'umma fiye da na'urori. Idan kana amfani da maki, kamar uku cikin biyar, ka rubuta jimla ɗaya a gefensa da ke bayyana abin da ya hana littafin samun sauran biyun.