Yadda ake daidaita ƙiftawar sigina a wasan tuƙin bas na OMSI 2

Ran nan a gidanmu na Aboabo ƙanena ya saka wata sabuwar bas da ya sauko da ita daga intanet cikin OMSI 2. Ya kwashi fasinja a Spandau, babbar taswirar wasan, ya kunna sigina zai bar tasha, sai fitilar ta kama ƙifce-ƙifce da gudu. Kawunmu, da ya daɗe yana aikin wayar mota a Suame Magazine, ya leƙo ya ce, "Yaro, ƙwai ɗaya ya mutu, ka canza shi." A motar gaske ya faɗi daidai, domin filasha, na'urar da ke sa sigina ƙiftawa, na ƙara sauri in ƙwai ya ƙone don direba ya farga. A wasan kuwa wasu lambobi ne da aka rubuta cikin fayil ke riƙe da fitilar, kuma kai ma za ka iya gyara su.

Kafin ka taɓa komai, ƙirga. Tsayar da bas, kunna lantarkinta, sa sigina (tirafiketa, in ji direbobin tiroto a Kejetiya), ka duba agogon wayarka na daƙiƙa 30. Ƙa'idar da motocin Turai ke bi ita ce ƙiftawa 60 zuwa 120 a minti, wato 30 zuwa 60 a ƙirgenka. In lissafin ya faɗa nan ciki, bas ɗin lafiyarta lau, kunnenka ne ya saba da wata.

Sai ka gwada ɗaya daga cikin motocin da wasan ya zo da su, kamar MAN SD202. In ita ma tana tsalle-tsalle, duba kwamfutarka. OMSI 2 tsohon wasa ne na 2013, kuma yana karanta umarnin mota sau ɗaya a kowane hoto da ya zana. Idan laftof ɗinka hoto 10 kawai yake fitarwa a daƙiƙa, fitila ba za ta kunnu ko ta mutu a kan lokaci ba. Kunna ma'aunin FPS (yawan hotuna a daƙiƙa) na Steam, manhajar da ake sayen wasan a buɗe shi, ka rage yawan motocin titi da inuwa, ko ka koma ƙaramar taswirar Grundorf ka sake ƙirge. Mu da muke fama da ɗaukewar wuta, ka tuna laftof na rage ƙarfinsa da zarar ya koma kan batir.

In bas ɗaya ce kaɗai ke da matsala, to nan aikin yake. Shiga foldar wasan, buɗe Vehicles, sannan foldar bas ɗin. Buɗe fayil mai ƙarewa da .bus da Notepad, ka nemi [constfile]. A ƙarƙashinsa za ka ga sunayen fayilolin lambobi, yawanci cikin foldar Script. Wanda ya shafi fitilu kake nema. Kwafe shi ka ajiye a wani waje tukuna. Ina roƙonka kada ka tsallake wannan, don ɗigo ɗaya da ya ɓace na iya kashe fitilun motar gaba ɗaya.

Yanzu buɗe shi ka bincika kalmar blink. Jamusawa ne suka ƙirƙiri wasan, Marcel Kuhnt da Rüdiger Hülsmann, kuma Blinker suke kiran sigina. Tsarin ba wuya: [const] a layin farko, suna a na biyu, lamba a na uku. In ka tarar da lamba ɗaya ta tsawon kunnuwa da wata ta tsawon mutuwa, haɗa su ka raba 60 da jimillar. Misali 0.4 da 0.35 sun ba da 0.75, wato ƙiftawa 80 a minti, kuma ni nan kunnena ya fi kwanciya. Jimillar dai ta tsaya tsakanin 0.5 da 1. Rubuta da ɗigo, ban da waƙafi, kada kuma ka taɓa layin suna. Adana, rufe wasan baki ɗaya, sake buɗewa, sake ƙirge.

Akwai matsalar da lamba ba ta magance ta. In sigina na sauri a Grundorf amma tana jan ƙafa a tsakiyar Spandau, alama ce wanda ya ƙera bas ɗin ya sa a ƙirga hotuna maimakon lokaci. Buɗe fayil ɗin fitilu mai ƙarewa da .osc ka nemi Timegap, wanda shi ne tazarar lokaci tsakanin hoto da hoto. In babu shi a sashen sigina, ka kai ƙorafin ga wanda ya ƙera motar, ka haɗa masa da logfile.txt da ke babbar foldar wasan.

Abu biyu za su iya ba ka mamaki daga baya. Motocin da ke folda ɗaya kan yi tarayya a fayil guda, don haka gyaranka zai shafe su duka. Sannan in motar asali ka gyara, duk ranar da ka sa Steam ya tantance fayilolin wasan zai mayar da tsofaffin lambobi, sai ka ajiye kwafin gyararren fayil ɗin kusa da na farko.