Yadda Ake Bin Diddigin Ɗan Wasa Ɗaya a Wimbledon: Misali da Félix Auger-Aliassime na Kanada

Wanda ya saba da kallon ƙwallon ƙafa yakan sha wahala a makon farko na gasar tanis ta Wimbledon. A ƙwallo idan an ce ƙarfe takwas, ƙarfe takwas ɗin za a take leda. A Wimbledon kuwa maza 128 ne, mata 128, an baza su a filaye 18 na ciyawa a kudu maso yammacin Landan, ana ta bugawa a lokaci guda, kuma mafi yawan wasannin ba su da tsayayyen lokacin farawa. Taura biyu ma ba ta taunuwa, balle ɗari. Abin da ya fi shi ne ka zaɓi mutum ɗaya ka bi shi sau da ƙafa har inda ƙarfinsa ya ƙare.

Ni nawa gwanin shi ne Félix Auger-Aliassime, ɗan Kanada da aka haifa a Montreal a shekarar 2000. Mahaifinsa mutumin Togo ne, mai koyar da tanis, kuma tun 2020 Félix ya fara ware dala biyar a kan kowane maki da ya ci domin karatun yara a yankin Kara na arewacin Togo. Wannan ya isa ya sa na riƙe shi. Da shi zan yi misali, amma duk abin da zan faɗa zai yi aiki a kan Denis Shapovalov ko Leylah Fernandez, su ma 'yan Kanada, ko wani daban.

Ka fara tun kafin gasar

Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Tsakanin ƙarshen gasar Faransa ta jar ƙasa da farkon Wimbledon mako uku ne kacal, kuma a cikinsu ne ake ƙananan gasanni na filin ciyawa: Stuttgart da Halle a Jamus, Queen's a Landan, Eastbourne a gaɓar tekun Ingila. Duba wacce ɗan wasanka ya shiga da inda ya tsaya. A 2021 Félix ya kai wasan ƙarshe a Stuttgart, ya je Halle ya doke Roger Federer, sannan ya zo Wimbledon ya shiga cikin takwas na ƙarshe. Wanda ya bi shi a watan Yuni na shekarar bai yi mamakin abin da ya faru a Yuli ba.

Ka kuma lura ko ya janye daga wata gasa, ko an ga gwiwarsa a ɗaure. Ciyawa tana da santsi, ƙwallo kuma ba ya tashi sama sosai, don haka a durƙushe ake wuni. Mai ciwon gwiwa ba ya daɗewa a wurin.

Ranar da aka fitar da jadawali

Ana fara gasar ran Litinin, a ƙarshen Yuni ko farkon Yuli, jadawalin kuma yakan fito ran Juma'ar da ta gabace ta. Buɗe shafin Wimbledon ko manhajarsu ta waya, ka nemi sunan mutuminka. Za ka ga tutar Kanada mai jan ganye a gefensa. Idan akwai lamba kusa da sunan, daga 1 zuwa 32, to yana cikin zaɓaɓɓu 32 da aka rarraba don kada su haɗu da junansu kafin zagaye na uku.

A nan mutane suke yin gaggawa. Su hango wanda gwaninsu zai iya haɗuwa da shi a zagaye na huɗu, su manta da wanda ke gabansa ran Litinin. Dubi harufan da ke jikin sunan abokin karawarsa. Q na nufin ya biyo ta wasannin share fage da ake yi a Roehampton mako ɗaya kafin gasar, wato ya riga ya ci wasa uku a kan ciyawa, jikinsa ya yi ɗumi. WC na nufin masu gasar ne suka ba shi gurbi kyauta. LL kuma wanda aka cire ne a share fage, sai wani ya janye aka kira shi ya maye gurbin. Kada ka raina ko ɗaya. A 2023 wani mai LL ne, Michael Mmoh ɗan Amurka, ɗan Tony Mmoh tsohon ɗan wasan tanis na Najeriya, ya sallami Félix tun a zagayen farko. Ranar ban san ko murna zan yi ko takaici ba.

Wasa bakwai ake ci a ɗauki kofi. Ni nakan zana layuka bakwai a takarda in riƙa cike su, domin jadawalin mutum 128 a fuskar waya ciwon ido ne.

Sanin ranar da lokacin

Ga wani sauƙi da Allah ya yi mana: a lokacin gasar agogon Landan daidai yake da na Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi. Babu lissafi. Mutanen Ghana su rage awa ɗaya, na Sudan su ƙara ɗaya.

Kowace yamma ana fitar da tsarin wasannin gobe, fili bayan fili. Ƙananan filaye suna farawa ƙarfe 11 na safe, Fili na Ɗaya ƙarfe 1, Babban Fili ƙarfe 1 da rabi. Amma wannan lokacin na wasan farko ne kaɗai. Idan mutuminka shi ne na uku a filin, sai na farko da na biyu sun gama. Wasan mata, inda ake neman cin turmi (set) biyu cikin uku, yakan ɗauki awa ɗaya da rabi ko biyu. Na maza, turmi uku cikin biyar, zai iya ƙarewa a awa biyu, zai kuma iya cin huɗu. Saboda haka wasan da ya kamata ka sa wa ido shi ne wanda ke gaban nasa. Da ka ga ya kusa ƙarewa, ka ba su kamar minti ashirin kafin naka su fara.

Rana ba ta faɗuwa a Landan a farkon watan Yuli sai bayan tara na dare. Za ka yi Magariba ka yi Isha'i a Kano, ka dawo ka tarar suna bugawa da hasken rana. Babban Fili yana da rufi tun 2009, Fili na Ɗaya tun 2019, su biyun ne kawai ruwan sama da duhu ba sa tsayarwa, su ma ƙarfe 11 na dare doka ta ce a tashi. Sauran filayen, da an fara yayyafi sai a ja musu tamfol kowa ya nemi mafaka.

Wannan ya taɓa yi mini tsiya. A 2024 Félix ya ci turmi biyu na farko a kan Thanasi Kokkinakis ɗan Ostareliya, har ya samu damar gama wasan a turmi na uku bai gama ba. Aka ɗage zuwa washegari. Ni kuwa na riga na gaya wa wani abokina cewa an wuce wurin. Da aka dawo sai Kokkinakis ya cinye sauran, Félix ya tattara kayansa. Tun daga nan ba na cewa an ci sai na ga sun gaisa a bakin raga.

Karanta makin

Turmi, kamar na dambe, shi ne sunan da nake ba abin da suke kira set. Ana cin turmi ne da cin gem shida, wato ƙananan zagaye, da ratar biyu. A cikin gem ana ƙirga 15, 30, 40, sai ci. Idan an yi 40 da 40 sai wani ya ci biyu a jere. In aka yi 6-6 sai a buga raba-gardama zuwa maki 7, amma a turmin ƙarshe zuwa 10 ake yi, tun 2022.

Abin da sabon mai kallo ba ya ganewa shi ne, a kan ciyawa mai sabis, wato mai bugun farko a kowane maki na gem ɗin, shi ne sarki. Ƙwallo yana sulɓewa da gudu, mayar da shi wuya. Don haka 4-3 ba komai ba ne idan kowa yana cin nasa sabis ɗin. Kunnen doki ne a ɓoye. Dubi ɗan ɗigon da ke nuna wanda ke sabis. Idan Félix yana da 3, abokin karawarsa 4, kuma Félix ne zai yi sabis, kwantar da hankalinka. Idan kuwa ɗayan ne zai yi, to an karya wa Félix sabis sau ɗaya, wato an cinye gem ɗin da shi ke sabis, kuma a wannan fili karyawa ɗaya ta isa ta tafi da turmi. Wasan ƙarshe na 2016 ya nuna haka: Andy Murray ya doke Milos Raonic, shi ma ɗan Kanada, 6-4, 7-6, 7-6. A takarda turmi uku ne babu ko ɗaya, amma sau ɗaya tak aka karya sabis a duk wasan.

Inda za ka kalla

Mai DStv ya nemi SuperSport, sai dai su ne ke zaɓar filin da za su nuna, kuma ɗan Kanada a zagayen farko ba lallai ya shiga zaɓinsu ba. Manhajar Wimbledon kyauta ce, tana kawo maki bayan maki, tana da rediyo da Turanci, kuma za ka iya sa wa ɗan wasanka alama don wayar ta sanar da kai idan ya shiga fili. Ba ta cin data sosai. Ka yi cajin waya tun da rana. Daren da Félix ya doke Alexander Zverev a turmi biyar a 2021, an ɗauke mana wuta, a fuskar waya na ƙarasa shi, ina kallon lambobi suna canzawa, batir na ja. Bayan wasa kuma sukan sa taƙaitaccen bidiyo a shafinsu na YouTube.

Bayan kowane wasa, duba alƙaluma

Sakamako kaɗai ba ya gaya maka ko zai ci na gaba. Shiga shafin alƙaluman wasan ka duba abu uku: kashi nawa na sabis ɗinsa na farko ya shiga, sau nawa ya ɓarar da sabis biyu a jere, da kuma dama nawa ya samu ta karya na abokin karawa, nawa ya yi amfani da su. Ga Félix na biyun ne ma'auni. Dogo ne, mita 1.93, sabis ɗinsa da bugun damansa suna da ƙarfi, amma idan hankalinsa ya tashi a sabis ɗin ake fara gani. Sai kuma tsawon wasan. Wanda ya yi awa huɗu ran Litinin, da gajiya zai shiga ran Laraba, don galibi kwana ɗaya ake hutawa tsakani.

Filin ma yana canzawa. Ana aske ciyawar zuwa milimita 8, a makon farko shar take, ana ta zamewa. Zuwa mako na biyu wurin tsayuwar 'yan wasa ya zama ƙasa tsura, ƙafa ta fi kamawa, musayar bugu ta ɗan ƙara tsawo. Mai dogaro da sabis ya fi cin ribar kwanakin farko.

Idan an cire shi

Har yanzu babu ɗan Kanada da ya ɗauki kofin 'yan ɗaiɗai na manya a Wimbledon. Eugenie Bouchard ta kai wasan ƙarshe a 2014, Petra Kvitová ta doke ta. Raonic ya kai a 2016. Shapovalov ya tsaya a na kusa da na ƙarshe a 2021 a hannun Novak Djokovic. Saboda haka ka tanadi na biyu. Leƙa jadawalin 'yan bibbiyu, inda Kanada ta fi sa'a: Daniel Nestor ya ci a 2008 da 2009, Vasek Pospisil ya ci a 2014, Gabriela Dabrowski ta kai wasan ƙarshe a 2019 da 2024.

Ran Litinin da ta biyo bayan gasar ake fitar da sabon jerin matsayi na duniya. Makin da ya samu bara a Wimbledon zai fita, na bana ya shiga, don haka zai iya cin wasa biyu amma ya sauko, idan bara huɗu ya ci. Daga nan ciyawa ta ƙare masa sai baɗi. 'Yan makonni kaɗan sai gasar gida a Toronto ko Montreal, a kan daɓe. Ita kuma sai ka shirya hana ido barci, don awa biyar muke gabansu.