Darasi na 6: Zaɓen Fentin Daɓen Gareji

Daɓen siminti yana da ƙarfi, amma yana shan ruwa da mai kamar soso. Baƙin mai in ya ɗiga ya shige ciki, fitar da shi sai an sha wahala. Ga kuma ƙurar da yake fitarwa kullum. Shi ya sa ake shafa masa fenti. Sai dai kafin ku sayi komai, ku tambayi kanku: wane aiki za a yi a kan daɓen nan?

Garejin gida, inda mota ɗaya take kwana, bai cika shan wuya ba. Fentin daɓe na gwangwani ɗaya ya fi araha, kuma mutum zai iya shafawa da kansa. Matsalarsa ita ce taya. Mota ta dawo daga tafiya tayoyinta da zafi, ta tsaya a kan fentin, da safe in ta tashi sai ta ɗago shi. Wanda ya zaɓi wannan ya shirya sake shafawa lokaci-lokaci.

Garejin bakanike kuwa wani abu ne daban. Nan ake jan jak, sifana tana faɗuwa, man birki da fetur suna zuba. A ganina, nan babu abin da ya dace irin ifoksi. Gwangwani biyu ake sayar da shi, ɗaya ruwan fentin, ɗaya mai sa shi ya yi tauri. Da zarar an haɗa su, lokaci ya fara tafiya, don haka kada ku dama fiye da abin da za ku iya shafawa nan take. Ana iya taka shi bayan kamar awa 24, amma mota ta jira kwana 3 zuwa 7, gwargwadon abin da aka rubuta a jikin gwangwanin. Rana tana sa ifoksi ya koma rawaya, tartsatsin walda kuma yana ƙona shi. Inda ake walda, a shimfiɗa farantin ƙarfe ko a bar wurin ba fenti.

Akwai wani fenti mai suna foli'asfatik, wanda yake bushewa cikin yini ɗaya kuma rana ba ta canja masa launi. Ya fi tsada, saurin bushewarsa ya sa gara a bar wa gwanaye.

Yanzu ku saurara da kyau, domin a nan kuɗin mutane ya fi salwanta. Yawancin fentin da ya ɓare tun wajen shirya daɓen aka yi kuskure. Sabon daɓe yana buƙatar kwana 28 kafin a shafa masa komai. Tsohon daɓe kuma sai an wanke maiƙonsa sarai, an cike tsagunsa, an goge fuskarsa da inji har ta yi kaushi, saboda fenti ba ya kama wuri mai sulɓi. Ku ɗiga ruwa ku gani. In ya shige, madalla. In ya taru ya tsaya, akwai sauran mai.

Daɓen ifoksi in ya jiƙa yana da santsi ƙwarai, kuma mai ɗauke da ƙarfe a hannu bai kamata ya zame ba. A barbaɗa yashi mai tsabta a shafin fenti na ƙarshe. Launi mai haske yana taimakawa wajen ganin noti in ya faɗi. Lokacin aiki a buɗe ƙofa da tagogi, a sa safar hannu da takunkumi.

Aikin gida: ku yanko leda mai faɗin santimita 45 kowane gefe, ku manna ta a daɓen da salatif, kada iska ta shiga. Bayan awa 24 ku ɗaga. In kun ga raɓa a cikin ledar ko simintin ya yi duhu, danshi yana tasowa daga ƙasa, kuma zai kumbura fentin. Ku rubuta abin da kuka gani, ku zo da shi aji.