Yadda Ake Kai Maganar Muhalli Daga Bakin Juji Zuwa Zauren Majalisar Gari

A ƙananan birane da yawa, aikin kare muhalli da ranar shara yake farawa. Matasa su fito da tsintsiya da shebur da baro, a yashe magudanar ruwa, a ɗauki hotuna, kowa ya koma gida ransa fari. Bayan mako uku magudanar ta sake cika, domin abin da ya cika ta tun farko yana nan yadda yake: motar shara ba ta zuwa a kan kari, babu wurin zubarwa na kusa, kuma babu wanda aka ɗora wa alhakin. Ina ganin girman aikin sa-kai ƙwarai, amma shi kaɗai ba ya riƙe gari. Abin da ke sa aiki ya ɗore shi ne a shigar da shi kasafin kuɗin majalisar gari, a sa masa ma'aikaci da rana da doka. Ƙaramin birni kuwa yana da damar da babba ba shi da ita: kansila ana haɗuwa da shi a hanya, kuma ƙuri'u kaɗan ne ke raba wanda ya ci da wanda ya faɗi.

Mataki na farko: ku kama matsala ɗaya

Sauyin yanayi gaskiya ne, amma ya fi ƙarfin kwamitin mutum bakwai. Ku nemi abin da za a iya nunawa da yatsa: jujin da ake cinna wa wuta kusa da makarantar yara, kwalbatin da ke toshewa ya jawo ambaliya a layi ɗaya duk shekara, filin wasan da ake shirin yankawa a sayar, ko titin da babu inuwa ko ɗaya a kansa. Kafin ku tsaya a kan ɗaya, ku tabbata tana damun mutanen da ba su taɓa kiran kansu 'yan rajin muhalli ba, kuma majalisar gari tana da hurumin gyara ta ba sai an jira gwamnatin sama ba. In har ba za a ga canji cikin shekara guda ba, ku ajiye ta zuwa gaba.

Wangari Maathai ta Kenya haka ta fara. Matan karkara ne suka kawo mata kukan ƙarancin itacen girki da ƙafewar rafuka, sai ta kafa ƙungiyar Green Belt Movement a 1977, aka soma da dasa itatuwa bakwai a Nairobi. Lambar yabo ta Nobel sai a 2004 ta zo.

Mataki na biyu: ku auna, ku rubuta

Nan ne mafi yawan ƙungiyoyi ke tsallakewa, alhali shi ne ke ba su baki a gaban hukuma. Wanda ya ce "garinmu ya yi datti" kowa zai gyaɗa masa kai a wuce. Wanda ya zo da littafi da hotuna masu kwanan wata dole a ba shi amsa.

A ce shara kuka ɗauka. Ku nemi yardar gidaje ashirin ko talatin daga unguwanni dabam-dabam, na masu hali da na marasa hali, su tara muku sharar kwana bakwai. Ranar tantancewa ku shimfiɗa tampol a fili mai iska, kowa ya sa safar hannu mai kauri da takunkumi da takalmi rufaffe. Ku zazzage buhu ɗaya-ɗaya, ku ware: ragowar abinci da ganye gefe guda, leda, robobin ruwa, takarda da kwali, gwangwani, kwalba, tsumma, ƙunzugun jarirai, sai toka da ƙasa. Batir da allura da ragowar magani a ɗauke su da awartaki ko shebur a zuba a bokiti mai murfi, kada hannu ya taɓa. Kowane tsibi a ɗora shi a sikeli, mutum ɗaya kuma ba shi da wani aiki sai rubutu. Aikin akwai wari, akwai ƙuda, amma rabin yini ya isa.

Abin da za ku gani zai iya sauya muku tunani. Ido leda yake fara gani, sikeli kuwa sau da yawa jiƙaƙƙiyar shara yake nunawa. Rahoton Bankin Duniya na 2018 ya ce ragowar abinci da ganye su ne kusan kashi 44 cikin 100 na sharar duniya. Su ne ke ruɓewa su yi ɗoyi, su fitar da iskar gas mai kama wuta wadda ke ƙara ɗumamar yanayi, kuma su ne ke ɓata takarda da kwali har su rasa mai saye. Garin da ya ware su ya mai da su taki ya rage wa motar shara zirga-zirga sosai, wannan kuwa magana ce ta kuɗi da ma'ajin majalisa zai saurara.

A Capannori, wani gari a Italiya mai mutum wajen dubu 46, malamin firamare Rossano Ercolini ne ya jagoranci hana gina injin ƙona shara, sannan ya ci gaba da matsa wa majalisa lamba har a 2007 garin ya zama na farko a ƙasar da ya ɗauki manufar kawar da shara baki ɗaya. Ana bi gida-gida ana karɓar sharar da aka riga aka ware. Abin da ya fi burge ni shi ne ko bayan nan ba su daina buɗe buhunan da suka rage ba, suna duba me ke ciki da ya gagari sake sarrafawa, don su san inda za su dosa.

In ambaliya ce damuwarku, ku tsaya a wuri ɗaya ku riƙa ɗaukar hoto duk lokacin da aka yi ruwa, ku ja layi a bango inda ruwan ya tsaya, ku ƙirga gidaje da shagunan da ya shiga. In inuwa ce, akwai ma'auni mai sauƙi da masanin itatuwan birni Cecil Konijnendijk ya kawo a 2021, ana kiransa 3-30-300: kowa ya iya hango itatuwa uku daga gidansa, kowace unguwa inuwar itace ta rufe kashi 30 cikin 100 nata, kuma kada tazarar gida da wurin shaƙatawa ta wuce mita 300.

Mataki na uku: ku tara mutanen da abin ya shafa

Mutum biyar zuwa goma masu zuwa taro sun fi ɗari biyu da ke cikin zauren WhatsApp. A samu mai rubuta abin da aka yanke, da mai riƙe kuɗi wanda zai karanta lissafi a kowane zama. Ku jawo malamin makaranta da ma'aikaciyar jinya, domin ita ce ke ganin yaran da hayaƙin juji ke sa wa tari. Ku nemi tsohon ma'aikacin majalisa da ya yi ritaya, ya san ofishin da takarda ke kwana.

Kada ku manta da masu sharar titi da masu tsintar roba da gwangwani a juji. Su suka fi kowa sanin abin da ke da kasuwa da wanda ba shi da ita, kuma duk tsarin da zai raba su da abincinsu zalunci ne, ko da an yi masa suna mai daɗi.

Mataki na huɗu: ku gwada a layi ɗaya

Gani ya kori ji. Kafin ku nemi majalisa ta yi wa gari duka, ku nuna abin yana yiwuwa a wuri ƙarami. In dashen itace ne, talatin da za su rayu sun fi dubu da za a dasa don biki. Ku nemi izini a rubuce, ku tambayi inda bututun ruwa da wayar lantarki suka bi, ku zaɓi irin da ya saba da ƙasar yankin. Ramin ya fi saiwar faɗi sau biyu ko uku, amma kada ya fi ta zurfi, don dashen da aka binne wuyansa yakan ruɓe. A cire ledar reno, a mayar da ƙasa a danna da sauƙi, a ba shi ruwa sosai, a zuba busasshen ganye kewaye ba tare da ya taɓa jikin itacen ba, a kuma kewaye shi saboda dabbobi da ababen hawa. A dasa a farkon lokacin ruwan sama. Kowane itace a rubuta sunan gidan ko shagon da ya ɗauki nauyin ba shi ruwa har shekara biyu, kuma bayan wata shida a zagaya a ƙirga masu rai. Wannan adadin ne za ku kai majalisa.

Mataki na biyar: ku koyi yadda majalisar garinku ke aiki

Tsarin ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka ku tambaya, kada ku yi zato. Wane ne ke yanke hukunci a kan shara da magudanai da filaye: magajin gari, kwamitin kansiloli, ko wata hukuma ta dabam? Yaushe ake zama, kuma ana barin jama'a su shiga su saurara? Wace hanya ake bi a sa magana cikin ajanda? Mafi muhimmanci, a wane wata sassa ke miƙa buƙatunsu na kasafin shekara mai zuwa? Buƙatar da ta zo bayan an amince da kasafi, komai kyanta, amsarta ɗaya ce: babu kuɗi. Ku lissafa baya daga wannan watan, ku shirya da wata uku aƙalla.

Ku nemi kasafin bara ku karanta sashen tsafta da ayyuka. Nawa aka ware, nawa aka kashe, wane kamfani ke da kwangilar kwasar shara, kuma yaushe wa'adinta zai ƙare? Lokacin sabunta kwangila shi ne lokacin da ya fi sauƙi a ƙara sharaɗi, misali a wajabta karɓar jiƙaƙƙiyar shara dabam. Inda akwai dokar 'yancin samun bayanai, ku yi amfani da ita a rubuce, ku riƙe kwafi mai hatimin karɓa. Wasu garuruwan ma suna ba mazauna damar zaɓar inda wani kaso na kuɗin zai tafi, tsarin da birnin Porto Alegre na Brazil ya fara a 1989.

Ma'aikatan sashe, irin su injiniya da jami'in tsafta, ku ɗauke su abokan aiki. Kansiloli suna zuwa suna tafiya, su kuwa suna nan, kuma sau da yawa sun daɗe suna neman abin da kuke nema ba su sami mai goya musu baya ba.

Mataki na shida: buƙata a shafi ɗaya

Ku rubuta matsalar, da abin da kuka auna, da abin da gwajinku ya nuna, sannan abin da kuke so majalisa ta yi, da kiyasin kuɗinsa da ranar da kuke so a fara. Sa hannun mazauna mazaɓar, kowa da layinsa, ya fi na baƙi daga intanet nauyi. Ku ga kansiloli ɗaya-ɗaya kafin ranar zama, har da waɗanda kuke zaton ba za su yarda ba. Ranar zaman ku cika kujerun 'yan kallo cikin natsuwa, mai magana kuma ya kasance wanda abin ya taɓa, kamar mai shagon da ruwa ya lalata wa kaya.

Mataki na bakwai: zaɓe

Ko ba jima ko ba daɗe za a tambaye ku ko za ku shiga siyasa. Hanya mafi sauƙi ita ce ƙungiya ta tsaya ba ta kowa ba, ta aika wa duk 'yan takara tambayoyi iri ɗaya, uku ko huɗu masu amsar e ko a'a, ta wallafa amsoshin yadda suke, har da sunan wanda ya yi shiru. Bayan zaɓe wannan takardar ce abin tuni.

Akwai kuma lokacin da tsayawa gefe ba ya isa. Jam'iyyar masu rajin muhalli ta Jamus, wadda aka kafa a 1980 ta kuma shiga majalisar tarayya a 1983, daga ƙungiyoyin mazauna irin naku ta tsiro, ciki har da manoman yankin Wyhl da suka mamaye filin da za a gina tashar nukiliya a 1975, tashar da ba a taɓa ginawa ba. A Schönau, wani ɗan ƙaramin gari a ƙasar, iyaye ne suka haɗu don raba garinsu da wutar nukiliya bayan hatsarin tashar nukiliya ta Chernobyl na 1986, Ursula Sladek na cikin jagororinsu. Sai da suka ci ƙuri'ar raba gardama har sau biyu kafin su karɓi ragamar layukan lantarkin garin a 1997.

Ba dole ba ne kuma sai jam'iyya mai sunan muhalli. A Pontevedra ta Sifaniya, likita Miguel Anxo Fernández Lores ya zama magajin gari a 1999 ƙarƙashin wata jam'iyyar yankin Galicia, ya hana yawancin motoci shiga tsakiyar birnin ya bar wa masu tafiya a ƙasa. An yi masa ca da farko, daga baya aka yi ta sake zaɓensa. A ganina, in ɗayanku zai tsaya takarar kansila, ya sauka daga shugabancin ƙungiya tukuna, don kada kansilolin sauran jam'iyyu su rufe muku ƙofa. Kuma ya shirya amsa tambayoyi a kan haraji da kasuwa da aikin yi, domin mai ƙuri'a ba muhalli kaɗai ke gabansa ba.

Bayan an amince

Kuɗin da aka rubuta a kasafi ba lalle ne a sake shi ba. Ku nemi kwafin ƙudurin da lambarsa, ku sa mutum biyu su riƙa zuwa ofishin duk wata uku suna tambayar nawa aka fitar da abin da aka yi da shi. In aikin ya tafi daidai, ku yaba wa kansilan da ma'aikatan a bainar jama'a, da sunansu. In ya tsaya, ku rubuta wasiƙa mai kwanan wata ku haɗa da sababbin hotuna daga wurin nan da kuka saba tsayawa. Idan shekara ta zagayo, ku sake tara sharar gidajen nan na farko ku auna, ku kai wa majalisa alƙaluman biyu gefe da gefe kafin a rufe karɓar buƙatun kasafi na gaba.