Yadda Ake Bin Sawun Kalmar Latin a Waƙar Birjil

Ɗan ƙanwata mai karatun adabi a jami'ar nan ta Damagaram ya same ni a zaure bayan la'asar, riƙe da takarda ɗaya. Layi bakwai ne na farkon waƙar *Aeneis*, wadda Faransawa ke kira *Énéide*. Ya ce, "Kawu, tun safe nake neman *virumque* a ƙamus, babu ita." Na ce masa ko kwana zai yi ba zai same ta ba, domin kalma biyu ce aka ɗinke wuri guda. Na ɗauko tsohon ƙamusuna, wanda na saya jaka biyu wajen mai baza littattafai a ƙasa kusa da Kasuwar Dole, bangonsa na baya ya daɗe da cirewa, muka zauna a tabarma har aka kira magariba. Faransanci na koyar a lakwal har na yi ritaya, Latin kuwa da girmana na koye shi, kaɗan-kaɗan. Hanyar da na nuna wa yaron nan ita ce wadda na bi da ƙafata.

Mai waƙar, Birjil, wanda Rumawa ke kira Vergilius, an haife shi kusa da Mantuwa a arewacin Italiya shekara 70 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya rasu a Birindisi saura shekara 19, bai gama gyaran waƙar ba. Sarki Agustus ne ya sa aka fitar da ita. Littafi 12 ce, layi kusan 9,900, tana ba da labarin Eniyas, wanda ya tsere daga birnin Turoya bayan an cinye shi da yaƙi, ya sha wahalar teku har ya sauka Italiya.

Kayan aiki ba su da yawa. Nemi matanin Latin ɗin da lambobin layi, da ƙamus na Félix Gaffiot na Latin da Faransanci, wanda ya fito a 1934 kuma ana samunsa a intanet, da fensir, da kaye sabo wanda ba za ka rubuta komai a cikinsa ba sai wannan aikin. Fassarar Faransanci ka ajiye ta gefe, a rufe, sai ka gama naka ƙoƙarin.

Da farko ka tuɓe wa kalma rigarta kafin ka je ƙamus. Waƙar ta buɗe da *arma virumque cano*. Wannan *-que* da ke wutsiya ma'anarsa "da". Cire shi, saura *virum*. Shi ma *-um* alama ce ta cewa a kansa aikin ya faɗa, asalin kalmar *vir* ce, namiji. Aikatau kuwa ana jera shi a ƙamus da siffar "ni": *cano*, ina rerawa. Ka ga layin ya fito: makamai da namijin nake rerawa. Wasu aikatau suna sauya kama gaba ɗaya, idan ka ga *tulit* a ƙarƙashin *fero* za ka same shi, kuma irin waɗannan haddace su ake yi. Abu ɗaya da ke ɓata wa sababbi lokaci: Gaffiot yana rubuta *j* inda matani da yawa ke rubuta *i*, don haka *iactatus* na layi na 3 sai ka neme shi a *jacto*.

Bayan haka ka haɗa kowace sifa da mai ita. A Hausa da Faransanci kalmomin da ke tare suna zama kusa da juna. Birjil yana warwatsa su, ƙarshen kalma ne ke nuna wa ke da wa. Layi na 4 ya ce *saevae memorem Iunonis ob iram*. Ja zare da fensir daga *saevae* zuwa *Iunonis*, ka ja wani daga *memorem* zuwa *iram*. Sai ka samu: saboda fushi mai riƙo na Juno mai zafin zuciya, wato sarauniyar allolin Rumawa. Takardar yaron nan ta cika da zarurruka kamar saƙar gizo, kuma haka ya kamata ta zama a watannin farko.

Yanzu ga inda Bahaushe ya fi ɗalibin Faransa sa'a. Karin waƙar ya ginu ne a kan gaɓa mai nauyi da marar nauyi, kamar rubutattun waƙoƙinmu. Kowane layi ƙafa shida ne. Ƙafa ko dai mai nauyi ɗaya da marasa nauyi biyu, ko masu nauyi biyu, ta ƙarshe kuma gaɓa biyu ce, ta farkonsu dole mai nauyi. Kunnenmu ya riga ya san bambancin gari na mutane da garin tuwo, inda jan wasali kaɗai ke raba su, ko da yake rubutun bai nuna ba. Latin ma haka yake. *Venit* da gajeren *e* "yana zuwa" ne, da dogon *e* kuma "ya zo". Layi na 2 ya ƙare da *venit*, a gurbin da sai mai nauyi, saboda haka "ya zo" ne. Ka riƙa karantawa da ƙarfi kana buga yatsa a kan faranti ko gwiwa, *c* kullum kamar *k*, *v* kamar *w*. A layin farko akwai *ab oris*. Yaron ya ga *os, oris*, baki, ya rubuta "daga baki". Kalmar *ora* ce, gaɓar teku, a jam'i. Na ce masa kuskuren nasa bai yi nisa ba, tunda mu ma bakin teku muke cewa.

Karin nan shi ne kuma ke sa mawaƙi tara wa abu ɗaya sunaye. Kalmar da ta zo da mai nauyi, marar nauyi, mai nauyi a jere ba ta shiga layi ko an matsa mata. *Imperator*, jagoran yaƙi, irinta ce, shi ya sa tsohon mawaƙi Enniyus ya yi amfani da *induperator*. Takobi a bakin soja *gladius* ne, a waƙa sai ka fi cin karo da *ensis*, ko *ferrum*, ƙarfe. Jirgin ruwa *navis* ne, amma za ka ga *puppis*, bayan jirgi, ko *carina*, ƙashin gindinsa, ana nufin jirgin duka. Teku ya fi kowa sunaye: *mare*, *pontus*, *pelagus*, *sal* wato gishiri, *aequor*, *altum*. Kada ka rubuta "teku" a gaban dukkansu ka wuce. *Aequor* daga *aequus* take, abin da ya daidaita, shimfiɗaɗɗe, har fili ma ana kiransa da ita. Mu da ba mu da teku, wanda ya taɓa wuce Tanut ya nufi arewa ya ga ƙasa ta miƙe ba tudu ba kwari ya san abin da kalmar ke nunawa. *Altus* kuwa tana nufin bisa, tana kuma nufin zurfi. A layi na 3 *alto* teku ne mai zurfi, a layi na 7 *altae Romae* Rum ce mai tsayi. Ka tambayi mai haƙar rijiya: na bakin rijiya zurfi yake gani, na ciki in ya ɗaga kai tsawo yake gani, igiyar kuwa ɗaya ce.

Faransancinka zai taimake ka, amma ka yi hattara da shi. Kalmomin Faransanci jikokin na Latin ne, kuma jika ba lallai ya ɗauko halin kaka ba. *Virtus* ta haifi *vertu*, sai ɗalibi ya rubuta "halin kirki". Tushenta *vir* ne, namiji, ma'anarta a fagen fama mazantaka ce, jarumtaka. *Fatum* kuma, wadda muke fassarawa da ƙaddara, daga *fari* take, yin magana. Mu mukan ce abin da aka rubuta, su Rumawa, da suke bautar alloli da yawa, abin da aka faɗa suke cewa. Daga tushen nan *infans* ta fito, wanda bai iya magana ba, uwar *enfant*. Daga nan *fama* ta fito, jita-jita, wadda Birjil ya siffanta a littafi na 4 da dodo mai fuka-fuki, ƙarƙashin kowane gashi akwai ido, ga harsuna da kunnuwa barkatai. Kuma lokacin da sarauniya Dido ta Kartaj, kusa da Tunis ta yau, ta nemi Eniyas ya ba ta labarin faɗuwar garinsu, kalmar farko da ta fito bakinsa a littafi na 2, layi na 3, ita ce *infandum*, abin da ba ya faɗuwa. Buɗe shafi ɗaya a kayenka don wannan dangi, duk wadda ka tsinta ka kai ta gidansu.

Sunayen wurare ma kada ka tsallake su. A littafi na 6, layi na 794, an ce mulkin Agustus zai wuce *Garamantas*. Mutanen Fezzan ne, a kudancin Libiya, yankin da ayarin fatakenmu na Damagaram ke ratsawa zuwa Tarabulus.

Kalmar da za ta fi cin lokacinka ita ce *pius*, kirarin Eniyas, wanda shi da bakinsa yake faɗa a littafi na 1, layi na 378: *sum pius Aeneas*. Sunan halin *pietas* ne, wadda ta haifi *piété* da *pitié* duka biyu. Idan ka ce "mai ibada" ka kama ɓangare ɗaya, idan ka ce "mai tausayi" ka kama wani. Ƙamus zai ba ka jerin ma'anoni, amma waƙar da kanta za ta nuna maka. Je ƙarshen littafi na 2. Gari yana cin wuta. Eniyas ya shimfiɗa fatar zaki a kafaɗa ya goyi tsohon mahaifinsa Ankises. Ya ce tsohon ya riƙe gumakan gidansu, domin shi hannunsa da jinin yaƙi bai wanke ba. Ƙaramin ɗansa ya kama masa hannun dama yana bin sa *non passibus aequis*, da takun da bai kai na uban ba. Uba a baya, ɗa a hannu, abin bauta a tsakani. Na taɓa ganin wani saurayi a ƙofar asibiti ya sauko daga amalanke ya goyi mahaifinsa, ya tallafe shi da hannu ɗaya, ɗaya hannun riƙe da buta da takardar likita, yana cewa, "Baba, riƙe ni da kyau." Tun ranar nake fassara *pius* da mai sauke haƙƙi: haƙƙin abin bautarsa, na iyaye, na ƴaƴa, na gari. Wani wurin "mai riƙon amana" ta fi zama. Abokin gābarta a waƙar *furor* ne, haukan fushi, wanda Birjil ya kira *Furor impius* a littafi na 1, layi na 294. Ka ba su shafi biyu masu kallon juna.

Ga yadda shafin zai kasance. Kalma a sama. Duk inda ka gamu da ita ka rubuta lambar littafi da ta layi, wa ya faɗe ta, a kan wa, me ke faruwa. Fassararka ta Hausa da fensir, domin za ka goge ta ba sau ɗaya ba. A Gaffiot ka karanta bayanin kalma har ƙasa, ka lura da inda aka sa *Virg. En.* da lamba, nan ne ya kawo misali daga waƙar da ke hannunka. Layi biyar a rana sun isa.

Shafin da na sa yaron nan ya fara buɗewa na *condere* ne. Asalinta haɗa abu a ajiye shi wuri guda, daga nan ta zama gina gari, adana kaya, binne gawa, ɓoye abu. A layi na 5 an ce Eniyas ya sha wuya *dum conderet urbem*, har ya kafa birni. A layi na 33 ta dawo, *Romanam condere gentem*, kafa al'ummar Rum. Sai ka tafi ƙarshen littafi na 12. Turnus, abokin karawar Eniyas, yana ƙasa da rauni, yana roƙo a tausaya wa tsohon mahaifinsa. Eniyas ya tsaya, zuciyarsa ta fara sanyi, sai idonsa ya faɗa kan ɗamarar Pallas, saurayin da Turnus ya kashe a littafi na 10 ya saɓa kayansa a kafaɗa. Fushi ya taso masa. Layi na 950, saura biyu waƙar ta ƙare: *ferrum adverso sub pectore condit*. Aikatau ɗin da ya buɗe waƙar da gina birni shi ne ya rufe ta da takobi a ƙirjin mutum. Bafaranshe sai ya nemi kalma biyu, *fonder* a can, *enfoncer* a nan, zaren ya tsinke masa.

Na bar yaron da layin, na shiga cikin gida na yi alwala. Da na fito ya rubuta a kayensa, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya: ya kafa birni, ya kafa al'umma, ya kafa masa ƙarfe a ƙirji. Ya ce, "Kawu, ai namu ya ɗauke su duka." Na karɓi fensirin na rubuta masa *umbra* a saman sabon shafi, domin jam'inta, *umbras*, shi ne kalmar ƙarshe ta waƙar, na ce ya zo mini da ita ranar Asabar.