Yadda Za Ka Yi Gudun Dogon Zango da Ƙaramin Atisaye

Idan atisayenka bai wuce na makonni kaɗan ba, kada ka yi gasa da kowa a tseren kilomita 21. Ka yi gudun minti 4, ka taka na minti 1, ka riƙa maimaitawa tun kafin gajiya ta kama ka. Gwaji ya fi daɗi bayan sallar asuba a kewayen filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata a Kano, kafin rana ta yi zafi. Kada ka sa sabon takalmi ranar tsere. Natsuwa kuwa daga numfashi take zuwa, don haka ka daidaita shi da takunka, ko ka riƙa tasbihi a zuci har ka manta da tazarar da ta rage. Idan ka ji jiri ko ciwon ƙirji, ka tsaya nan take.