Yadda Za A Gyara Gari Ya Zama Masu Buƙata Ta Musamman Ma Sun Iya Yawo A Cikinsa

Yawanci in aka ce a gyara gari domin masu buƙata ta musamman abin da ke zuwa kan shugabanni shi ne a zuba siminti a ƙofar wani babban ofis a yi gangara, a ɗauki hoto, shikenan an gama. Toh amma shi mai keken guragu ta ina zai bi ya iso ƙofar ofishin? Daga ɗakinsa zai fito, ya bi layi, ya tsallaka titi, ya hau mota, ya sauka, ya shiga ginin, ya samu wanda zai saurare shi, in fitsari ya kama shi ya samu bandakin da kekensa zai shiga, sannan ya koma gida. Tafiyar kamar sarƙa ce, zobe ɗaya ya tsinke duk sauran ba su da amfani. Don haka shawarata ga duk mai son yin wannan aiki, ko kansila ne ko injiniya ko ƙungiyar unguwa, kada ku watsa ƙarfinku ko'ina, ku ɗauki hanya ɗaya ku gyara ta tun daga farko har ƙarshe, sannan ku koma wata.

Kuma ba mutane kaɗan ake magana a kai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum biliyan 1.3 ne ke rayuwa da nakasa mai tsanani, wajen kashi 16 cikin 100 na mutanen duniya kenan, kusan mutum ɗaya cikin shida. In ba ka ganinsu da yawa a titi ba wai babu su ba ne, titin ne ya hana su fitowa.

Ku fara da tafiya, ba taro ba

Ku zaɓi hanyar da mutane suka fi bi, misali daga babbar tashar mota zuwa asibiti, ko daga unguwa zuwa makaranta da kasuwa. Ku nemo mai keken guragu, makaho mai sanda, kurma, wani mai dogara sanda, da tsoho ɗaya, in da hali har da uwar yaron da ke da lalurar ƙwaƙwalwa, ku bi hanyar nan tare da ƙafa. Ku riƙe tef na awo da littafi da waya ta ɗaukar hoto. Duk inda wani ya tsaya ko ya nemi a taimaka masa, ku ma ku tsaya, a rubuta wurin, a rubuta abin da ya tsayar da shi, a auna. Su za su yi magana ku kuma ku rubuta, kada ku riga su cewa "ai nan ba matsala", don abin da kai mai ƙafa za ka taka ka wuce ba ka ma lura ba, ɗan tudu na santimita 3 kacal, shi zai iya tsayar da ƙaramar tayar gaban keke cak, har ya kifar da mutum in da gudu ya zo.

Wani abu da na ga ana yi wanda ban yarda da shi ba shi ne a ɗora lafiyayyen ma'aikaci a kan keke na minti goma wai ya ji yadda abin yake. Tausayi kawai yake fitowa da shi, bai san dabarun da mai keke na gaske ya sani ba, bai kuma san me ke gajiyar da mutum a kwana a tashi ba. Ku kira masu abin, kuma ku biya su ladan lokacinsu kamar yadda za ku biya kowane ƙwararre, don aikin ƙwararru suka yi muku.

In kun dawo ku raba abin da kuka rubuta gida uku: wanda za a iya yi cikin sati ba tare da kuɗi mai yawa ba (kwashe kaya daga gefen titi, rufe kwatar da aka bari a buɗe, sare reshen da ya sauko), wanda ke buƙatar birkila da siminti, da wanda sai an saka shi a kasafin kuɗi. Ku fara da na farkon nan take don mutane su ga da gaske ake.

Gefen titi da wurin tsallakawa

Nan ne mafi yawan aikin yake. Hanyar masu tafiya a ƙasa tana buƙatar faɗin da keke biyu za su iya giftawa, wajen mita 1 da santimita 80, kuma faɗin ya zama fili ne na gaske, ba wanda aka dasa turken wuta a tsakiyarsa ko aka ajiye kwandon shara ko wani ya faka mota a kai ba. Sama ma a duba, duk allon talla ko rumfa ko reshe da bai kai mita 2 daga ƙasa ba haɗari ne ga makaho, saboda sandarsa ƙasa take lalube, abin da ke rataye daidai fuska ba za ta gaya masa ba sai dai ya ji a goshinsa.

A kowace mahaɗa a saukar da bakin hanyar ya haɗe da kwalta, kuma ɓangare biyu, don ba ƙaramin wulaƙanci ba ne mutum ya sauka titi ta wannan gefen ya isa wancan ya tarar da tudu, ga motoci suna ta masa hon. Wannan saukar da baki a Amurka ta yi ƙarfi, a garin Bakili na jihar Kalifoniya ɗalibai masu keke ne suka matsa wa hukuma lamba a farkon shekarun 1970 har aka fara yi, daga baya dokar ƙasar ta 1990 ta mayar da shi dole. Abin da aka lura da shi kuma, masu tura keken jarirai da masu jan akwati da masu dakon kaya a amalanke duk ta nan suke bi.

Sai dai in ka saukar da bakin ka taimaki mai keke amma ka cire wa makaho alamar da yake gane cewa ya iso titi. Maganin shi ne tayil ɗin nan mai ƙuraje da ake ji a tafin ƙafa. Wani ɗan Japan mai suna Seiichi Miyake ne ya ƙirƙiro shi a 1965, aka fara shimfiɗa shi a garin Okayama a 1967. Iri biyu ne kuma kowanne da ma'anarsa, mai ɗigo-ɗigo yana cewa tsaya akwai haɗari a gaba, mai dogayen layuka yana cewa bi nan. Ana yawan yin sa ruwan ɗorawa saboda masu gani dishi-dishi su hango. Don Allah ku zaunar da ɗan kwangila ku yi masa bayanin wannan, saboda da yawa ado suka ɗauke shi, sai ka ga layin ya tafi tiryan-tiryan ya kai makaho jikin bishiya ko bakin rami.

Danja kuma a ƙara mata lokaci a saka mata sauti. Lissafin ba wuya, yawanci ana ɗaukar mutum yana cin mita 1.2 a daƙiƙa, titi mai faɗin mita 12 kenan daƙiƙa 10 ta isa, amma mai tafiyar mita 0.8 a daƙiƙa, tsoho ko mai dogara sanda, daƙiƙa 15 yake buƙata, wutar za ta canza yana tsakiyar titi. In titin mai faɗi ne sosai a yi tsibiri a tsakiya inda mutum zai tsaya ya huta. Gadar sama mai matakala kuwa gaskiya motoci take yi wa aiki ba mutane ba, in ba lifta mai aiki ko doguwar gangara gara a yi wurin tsallakawa a ƙasa a rage wa motoci gudu.

Gangara: abin da aka fi lalatawa

Ƙa'idar da aka fi amfani da ita a duniya ita ce 1 cikin 12, wato duk santimita 1 na tudu a ba shi santimita 12 na tsawo. Dakali mai tudun santimita 30 gangarar mita 3.6 yake buƙata, mai santimita 60 kuma mita 7.2. Wannan ma iyaka ce ba wai ita ce mafi kyau ba, in da fili a ƙara kwantar da ita. Abin da ya sa ake yin mai tsini shi ne fili, birkila ya duba ya ga wurin ba zai ɗauki mita 7 ba sai ya matse ta a mita 2, sai ka samu abin da ko mai turawa sai ya yi da gaske, saukowa kuma kasada ce. In fili bai isa a miƙe ba a lanƙwasa ta, ta je ta dawo, da shimfiɗaɗɗen wuri na mita 1.5 a kowace kwana da kuma sama daidai ƙofa, don mutum ba zai iya riƙe keke a kan gangara kuma ya buɗe ƙofa a lokaci guda ba. Ƙarfen riƙewa hagu da dama, ɗan baki a gefe kada taya ta zame, kuma kada a saka tayil mai santsi, ana yayyafi ya zama tarko.

Kada kuma a cire matakala don an yi gangara, wasu masu ciwon gwiwa ko ƙafar roba matakala mai ƙarfen riƙewa ta fi musu sauƙi. Kuma gangarar ta kasance a ƙofar da kowa ke shiga, ba ta bayan gini wajen janareta da bola ba.

Cikin ginin, ƙofa in an buɗe ta ta ba da sarari aƙalla santimita 80, 90 ya fi. Hannun ƙofa mai dannawa ƙasa ya fi mai murɗawa. Kantar karɓar baƙi a saukar da wani ɓangarenta yadda na zaune zai ga fuskar ma'aikaci ya kuma iya sa hannu a takarda. Bandaki kuwa shi ne ke yanke wa mutum hukuncin ko zai fita daga gida ko a'a, akwai masu ƙin shan ruwa tun safe saboda sun san a inda za su je babu inda za su kewaya. A bar fili na mita 1.5 da keke zai juya, ƙofa ta buɗe ta waje saboda in mutum ya faɗi a ciki a iya shiga, a kafa ƙarfen riƙewa a bango da kyau. Kuma a daina mayar da shi sito na tsintsiya da bokiti, a daina kulle shi makulli na hannun wanda ya tafi cin abinci.

Duk wannan tun a zane ya kamata a kama shi. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da Bankin Duniya suka fitar a 2011 ya ce a sabon gini cika waɗannan ƙa'idoji bai cika wuce kashi 1 cikin 100 na kuɗin ginin ba, fasa gini a gyara daga baya shi ne mai tsada. Saboda haka ofishin da ke ba da izinin gini shi ne wurin da za ku fi matsawa, zanen da ba shi da hanyar shiga kada a buga masa hatimi, in an gama gini kuma a je da tef a auna kafin a ba da izinin buɗewa.

Mota ma haka, lokacin sayen sababbin bas ne ake gyara ta. A sayi mai ƙasan da ya sauko kusa da titi mai gangarar da ake saukewa domin keke ya hau, ko a ɗaga dandamalin tasha ya yi daidai da ƙofar mota kamar yadda garin Kuritiba na Barazil ya yi. A riƙa faɗin sunan tasha da murya saboda makafi, a rubuta a allo saboda kurame. Amma direba da kwandasta in ba a horar da su ba za su wuce mai keke a tasha don kada ya ɓata musu lokaci, don haka a ba da lambar kai ƙara kuma wanda aka kama a hukunta shi.

Abin da ba siminti ba

Kurma zai iya hawa kowace matakala amma ya zauna a asibiti tun safe an kira sunansa sau uku bai sani ba. A saka allon lamba, a samar da mai fassara yaren kurame ko da ta bidiyo ne, a ba da damar tura saƙon tes a lambar gaggawa, ƙararrawar gobara ta zama da fitila mai walƙiya. Takardun hukuma a yi su da manyan haruffa da sauƙaƙan kalmomi, shafin intanet kuma a yi shi yadda manhajar da ke karanta wa makafi rubutu za ta iya karanta shi, sanarwar da aka ɗauki hotonta aka ɗora ba rubutu a ƙasa makaho bai san an yi ta ba. Ma'aikata kuma a koya musu su yi magana da mutumin kai tsaye ba da ɗan rakiyarsa ba, su tambaya kafin su taimaka, kada a kama keken mutum a tura ko a ja makaho da sandarsa, a ba shi gwiwar hannu ya riƙe.

In hukuma ta ce ai taimako ne za a yi in kuɗi ya samu, ku tuna mata yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin nakasassu, wadda aka amince da ita a 2006 ta fara aiki a 2008, mafi yawan ƙasashen duniya sun sa hannu, sashe na 9 kuma kan wannan maganar yake, gine-gine da hanyoyi da sufuri da bayanai. Ku duba ko ƙasarku tana da tata dokar ku ɗora buƙatarku a kanta a rubuce, da hotuna da awon da kuka yi.

Bayan wata shida ku sake bin hanyar nan da mutanen da kuka fara da su da littafin nan na farko. Za ku tarar an faka mota a kan wata gangarar, wani tayil ya ɓamɓare, sautin danja ya mutu, lifta tana jiran gyara. Kowanne ku rubuta sunan ofishin da ke da alhakinsa da ranar da suka ce za su gyara, ku liƙa inda jama'a za su gani, sai hanyar ta tsaya da ƙafarta sannan ku ɗauki ta biyu.